Cinikin Tsofaffin Littattafan Tarihi a Birnin Shehu

Kowace sana'a a birnin Sakkwato tana da shugabanta da wurin zamanta. Majema suna da unguwarsu, dukawa suna da rumfunansu, maƙera da mahauta kowa da sarkinsa. Amma akwai wata sana'a guda wadda ba ta da sarki, ba ta da layi nata na kanta a kasuwa, masu yinta kuwa ba su da yawa. Ita ce saye da sayar da tsofaffin littattafan tarihin ƙasa, watau irin waɗanda aka buga kaɗan tun da daɗewa, suka ƙare, ba a sake bugawa ba. Mai wannan ciniki sau da yawa ba a gane shi da ganin shimfiɗarsa, don abin da ya baza a bakin masallaci ran Juma'a littattafan addini ne sababbi, da tasbaha da turare. Kayan da a ke magana a kansu suna gida cikin akwati, sai wanda ya san sunan abin da ya ke nema a kan ce masa ya dawo gobe.

Mai karatu ya sani, a zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa, wanda ya ke son littafi ba kasuwa ya kan nufa ba. Aro ya kan yi wajen mai shi, ya sayi takarda, ya fiƙe alƙalami, ya zauna ya kwafe da hannunsa, ko kuwa ya biya marubuci ya kwafe masa. Takardar ma daga nesa ta ke zuwa, ta ƙasar Italiya ce, fatake su ke ɗauko ta daga Tarabulus da Masar su ƙetaro Sahara da ita. In an ɗaga warƙa ɗaya an duba ta a rana, sai a ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta. Saboda haka littafi dukiya ne, a kan sa shi cikin tadarishi, a zura cikin gafaka, a rataye nesa da ƙasa. Hasararsa kuwa abin baƙin ciki ne ko ga sarki. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya komo Sakkwato zuwansa na biyu a 1826, cikin kyautar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin lissafi na Iƙlidisu da Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, ya gaya masa da ma gidansu suna da irinsa wanda aka zo da shi daga Makka, gobara ta cinye.

Shi Bello ɗin ne ya wallafa Infaƙul Maisuri a shekara ta 1227 ta Hijira, daidai da 1812, wanda ya ke shi ne uban littattafan tarihin wannan ƙasa. Shekara guda bayan haka baffansa Abdullahi na Gwandu ya gama Tazyinul Waraƙati. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta Raulul Jinani a kan halayen Shehu, Abdulƙadiri ɗan Tafa ya rubuta Raulatul Afkari a kan sarakunan ƙasar Hausa. Dukansu da hannu suka yi ta yawo gida gida wajen shekara ɗari, kowane kwafi da kurakuran marubucinsa, wani kuma da ƙarin bayani a gefen shafi wanda babu shi a cikin sauran.

Ɗab'i ya shigo ne da zuwan Turawa, kuma daga nan ne kayan wannan ciniki suka samo asali. Ran 15 ga Maris 1903 rundunar Ingilishi ta ci Sakkwato. A gidan Waziri Buhari suka sami tarin wasiƙun Larabci waɗanda sarakunan ƙasashe suka aiko, aka kwashe. Bayan shekara ashirin da huɗu, a 1927, wani jami'i mai suna Backwell ya fitar da fassararsu da Turanci a maɗaba'ar Gwamnati ta Ikko, ya sa wa littafin suna The Occupation of Hausaland. Kafin wannan, Razdan Arnett ya shirya littafin bayanin Lardin Sakkwato, wanda su ke kira Gazetteer, aka buga a London a 1920. A 1922 kuma aka buga masa The Rise of the Sokoto Fulani a Kano, wanda ya ke Infaƙul Maisuri ne aka juya, wani wuri fassara, wani wuri taƙaitawa. Ba don mutanen Sakkwato aka yi waɗannan ba. An yi su ne don Razdan da Di'o su san ƙasar da su ke mulki, da wanda ya haifi wane, da garin da ke bin wane. Masu karanta su ba su da yawa, don haka ba a buga da yawa ba. Mafi wuyar samu duka shi ne bayanin Lardin Sakkwato na P. G. Harris na 1938, wanda bai ma shiga maɗaba'a sosai ba, da keken rubutu aka buga shi aka rarraba ofisoshi. Amma kuwa da wuya a sami mai binciken tarihin Kabi ko Zamfara ko Gobir wanda bai jingina da shi ba.

Na Hausa su ma suna nan. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi da labaru da wasiƙu ya buga su juzu'i uku a Belfast tsakanin 1911 da 1913, wani kashi nasu malaman Sakkwato ne suka rubuta da ajami don Razdan Burdon. Ofishin Fassara na Zariya ya fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi na ɗaya da na biyu, a 1932 da 1933. Sa'an nan hukumar NORLA, wadda ta buga jaridar Zaruma don Lardin Sakkwato, ta fitar da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu a 1957. Hukumar ba ta yi tsawon rai ba, a 1959 aka rufe ta. Littattafanta ƙanana ne, takardarsu marar ƙarfi, an yi su don ɗan makaranta da ɗan yaƙi da jahilci su saya da 'yan kwabbai. Abin da aka saya da araha ba a kan adana shi ba. Shi ya sa yau bugun farko na ɗan littafin da aka sayar da sulai kaɗan ya fi wani babban kundi wuyar gani.

Akwai kuma wani iri wanda ya fi kowanne yawa a hannun dillalai yanzu, shi ne littafin ƙaddamarwa. Wani hakimi ya cika shekaru bisa gadon sarauta, ko wani gari ya so a rubuta asalinsa, sai a sa malami ya rubuta, a kai ƙaramar maɗaba'a a buga 'yan ɗaruruwa. Ran biki manya su yi alkawarin kuɗi, a raba wa baƙi, saura a zuba cikin kwali a kai gidan mai littafin. Ba ya shiga kanti, ba wanda ya san inda za a tambaye shi. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya aika da kwafi uku a ajiye, amma masu irin wannan bugu kaɗan ne su ke aikawa. Gaskiya ne da yawansu yabo ya fi bincike yawa a ciki, kuma kowane gari a kan jawo asalinsa daga Gabas. Duk da haka a cikinsu ne kaɗai a kan sami jerin sunayen dagatai, da shekarun fari, da bakin tsofaffin da aka tambaya waɗanda yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Bayan shekara goma sai ka ga ɗan gidan da aka rubuta tarihinsa yana yawo yana cigiyar littafin kakansa.

To, ta wace hanya kayan nan su ke isowa hannun mai sayarwa? Mafi yawa ta hanyar mutuwa. Malami ya rasu, ko tsohon ma'aikacin En'e, ko tsohon malamin makaranta, ya bar ɗaki cike. In an zo rabon gado, littattafai dukiya ce kamar sauran dukiya, sai a yi musu ƙima a raba. A nan ne ɓarna ta kan auku ba da nufin kowa ba. Littafi mai juzu'i biyu, na ɗaya ya faɗa rabon wannan ɗa, na biyu rabon waccan 'ya da ke aure a wani gari. Rubutun hannu kuwa ya fi shiga haɗari, domin ba ɗinke ya ke ba, warƙa warƙa ne, kuma ba lamba a shafi. Abin da ke nuna jerinsa kalma ɗaya ce da marubuci ya kan sa a ƙasan warƙa, watau kalmar da warƙa mai zuwa za ta fara da ita. In iska ta watsa shi, ko aka kasa shi kashi biyu don a daidaita rabo, sai masani ne zai iya mai da shi yadda ya ke. Magajin da ya yi karatu ya kan riƙe nasa. Wanda bai yi ba ya kan ajiye don albarka har gara ta gama da shi, ko kuwa ranar da bukata ta taso ya kira dillali. Na boko su ne abin tausayi, don ba a ganinsu da alfarmar da a ke ganin na Larabci. Sau da yawa a kan auna su tare da tsofaffin jaridu a sayar wa mai ƙosai da mai tsire.

Saboda wannan ne bai kamata a yi saurin zagin dillali ba. Mutane su kan ce yana saye da arha wajen marayu ya sayar da tsada, kuma wani lokaci haka ɗin ne. Amma littafin da ya tsamo daga buhun mai ƙosai, ba don shi ba da ya tafi. Shi ne ya san wane malami ke neman juzu'i na biyu, ya kuma san gidan da juzu'in ya faɗa. Laifinsa na gaskiya a wani wuri ya ke, za a zo kansa.

Cinikin kansa yana da ladabi. Alƙur'ani ba a cewa an saye shi, hadiyya a ke cewa, kuma wasu dattawa su kan ja wannan ladabi har kan rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello. Littafin Bature kuwa ciniki ne sosai, a taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har a kai ga sallamawa, dillali ya ɗauki la'adarsa. Ba kuɗi tsayayye. Littafi guda ya kan yi daraja uku a yini ɗaya, gwargwadon wanda ya zo nema da irin ƙishirwar da aka gani a fuskarsa. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke rubuta kundin digiri, karatun kawai ya ke so, ko hoto aka ba shi ya wadatar. Amma wanda gidansu ke neman sarauta, ko garin da ke jayayyar iyaka da maƙwabcinsa, shi ainihin bugun Turawa ya ke so ya ajiye gaban kwamiti, don a ga sunan kakansa a jerin da Razdan ya rubuta. Irin wannan ba ya tsayawa dogon ciniki. A nan kuwa akwai abin lura. Arnett da Harris ba su ga abin da suka rubuta da idonsu ba, tambaya suka yi, wanda ke kan sarauta a ran nan shi ya ba da amsa ta bakin tafinta. Tsufan takarda ba ya mai da maganar shaida ɗaya ta zama ta shaidu biyu.

Mai saye mai hankali ya kan fara da shafin farko, ya duba sunan maɗaba'a da shekara. Dalili kuwa, da yawa cikin littattafan nan an sake buga su daga baya. Kamfanin Frank Cass na London ya sake fitar da na Backwell a 1969, ya kuma haɗa bayanan lardunan Arewa ya buga a 1972 da gabatarwar Kirk-Greene, na Sakkwato yana cikin juzu'in farko tare da Bauci da Zariya da Kano. Infaƙul Maisuri na Larabci Whitting ya fitar da shi a London a 1951, aka buga a Alƙahira a 1964, aka kuma buga a Rabat ta Maroko a 1996. Tazyinul Waraƙati kuwa Hiskett ya fitar da shi da fassara a Ibadan a 1963. Kowane bugu da darajarsa, kuma ba kullum mafi tsufa ya fi inganci ba. Wanda ya ke son sanin abin da Bello ya faɗa, Larabcin zai nema, ko fassarar Hausa da Sidi Sayuɗi da Jean Boyd suka yi a Sakkwato a 1974, domin Arnett ya tsallake wurare. Bayan shekara sai a ƙirga shafuka, a duba ko taswira da jadawalin nasaba suna nan, don su a kan fara cirewa. A duba hudar gara da tabon ruwa. A shafa takarda, don injin kwafi na yanzu ya kan yi aiki mai kyau, a sa bango, a bar shi ya sha ƙura, sai ya yi kama da tsoho. In kuwa an ga hatimin makaranta ko na ɗakin karatu, ko wurin da aka kankare hatimi, to, a tambayi yadda ya fito. Ɗakunan karatu da yawa a ƙasar nan ba gara ce ta cinye su ba, aro ne da ba a mayar ba.

Akwai kuma bugun kasuwa, wanda Sakkwato ta yi suna a kansa. Marubuci mai kyakkyawan hannu ya kwafe littafin Shehu ko waƙar Nana Asma'u da rubutun da almajirai suka saba da shi, a ɗauki hotonsa a buga, a sa sunan wanda ya ɗauki nauyi a bango, kamar yadda a kan ga sunan Alhaji Ɗan Ige na Tsamiyar Yaro a kan da yawansu. Yawanci ba a sa shekara. Masu tara littattafai ba su cika kula da su ba don arharsu, amma wani matanin ba a taɓa buga shi ta wata hanya ba sai wannan.

Abin mamaki, fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin fatun da masu ɗinkin littafi na Ingila su ka fi so, da ita a kan yi bangon manyan kundaye a can. Ga shi kuwa a garin akuyar, littafin tarihin garin yana kwance ba bango.

Yanzu ga laifin da aka ambata. Wanda ya fi kowa biya sau da yawa ba mutumin gari ba ne. Akwai masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, kuma da zuwan intanet hoto ɗaya a waya ya isa a ƙulla ciniki. Littafin ɗab'i in ya fita, da sauƙi, don akwai 'yan'uwansa a wani wuri. Rubutun hannu kuwa wani ba shi da na biyu a duniya, in ya shiga akwatin wani attajiri a ƙetare, ya fita daga hannun masu karatu ke nan, ba a ma san ya taɓa kasancewa ba. Doka ta yi magana a kan wannan. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 ta sa rubutun hannu da takardun da 'yan ƙasa suka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana fitar da su waje sai da izni, ta kuma hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukuma ta yarda da shi. Masu sayarwa kaɗan ne suka san da ita, warƙa ashirin kuwa ba ta da wuyar ɓoyewa cikin jaka.

Ba a rasa waɗanda suka yi ƙoƙari ba. Tun cikin shekarun 1950 Kensdale na ɗakin karatun Jami'ar Ibadan ya zagaya Arewa yana neman rubuce-rubucen Larabci, ya fitar da jerinsu. Daga baya aka yi ta ɗaukar hotunansu a Ibadan da Zariya, Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, fayilolin Lardin Sakkwato kuma suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Amma babban misali a gida ya ke. Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997, ya gaji littattafan gidan Giɗaɗo, ya ƙara da nasa, bai kulle su ba. A wurinsa Murray Last ya zauna ya yi karatu, har ya rubuta The Sokoto Caliphate wanda aka buga a 1967, shekara guda da littafin Johnston, tsohon Razdan, mai suna The Fulani Empire of Sokoto. Hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato sunan Wazirin ta ke ɗauke da shi, tana kuwa ajiye da rubuce-rubucen hannu da takardun mulki. Takardun babban taron tarihin Daular Usmaniyya da aka yi a Sakkwato a 1975, waɗanda Yusufu Bala Usman ya shirya aka buga a 1979, su ma yau sun shiga sahun abin da a ke cigiya wajen dillalai.

Magajin da littattafai suka faɗo hannunsa, in ya rasa yadda zai yi, abin da ya fi sauƙi shi ne ya kira masani ya rubuta masa sunayensu tun ba a raba ba, a yi ƙimar mai juzu'i a haɗe, ɗaya ya ɗauka ya biya sauran. In sayarwa ta zama dole, ba abin kunya ba ne, sai dai a fara kai wa hukumar tarihi ko jami'a, in ba su iya saye ba su ɗauki hoto kafin ya tafi. Su ma hukumomin da nasu nauyi, don wanda ya zo da kayan gado yana da bukatar yau, in aka ce masa ya dawo bayan an amince da kasafin kuɗi, dillali yana bakin ƙofa da kuɗi a hannu.

Ajiya a kasuwa kuwa ba ajiya ba ce. Gobarar da ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato cikin Janairu 2021 ta cinye rumfuna masu yawa cikin yini ɗaya, takarda kuwa ita ce farkon abin da wuta ke ci. Tsofaffin masu sana'ar su kan sa kayansu masu daraja cikin akwatin ƙarfe a gida, su ɗora shi bisa duwatsu don gara, su zuba busasshen ganyen dogon yaro tsakanin littattafai. In damina ta wuce su kan fito da su inuwa su sha iska, su karkaɗe, su ƙirga, su mayar.